Ranar da Na Naɗe Wayifai da Jiƙaƙƙen Buhu

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar bazara ba, ko da ina so in manta, don maƙwabciyata Gambo tana raye, kuma bakinta lafiyarsa lau.

Ku fara sanin wace ce ni. Sai da na aurar da 'ya'ya huɗu sannan na shiga makarantar manya, na kama fensir da furfura a kaina. Na kuma zo ta ɗaya a ajinmu (Gambo ta zo ta tara cikin mu goma sha ɗaya, ban kuma bari ta manta ba). Daga nan kaina ya kumbura. Babu maganar da za a yi a unguwa ban sa baki ba.

Ɗana Sani ne ya sayo akwatin wayifai, wanda suke kira rawuta, saboda sabis ba ya shiga gidanmu sai mutum ya hau turmi a tsakar gida. Ya haɗa shi, ya koma gonarsa ta shinkafa a Auyo, ya bar ni da matarsa Zulai. Yarinyar nan shekara uku da gama karatun ungozoma tana neman aiki. Sai ga wata ƙungiyar lafiya ta ce za ta yi mata intabiyu ta kwamfuta, ƙarfe sha biyu na rana. Gurbi ɗaya ne tak.

To, kun san zafin Haɗeja. Da rana ta take sai akwatin ya ɗau zafi kamar tandar waina, ya riƙa ɗauke sabis. Zulai ta samo dabara: ta kife kwandon roba ta ɗora shi a kai don iska ta shiga ta ƙasa, ta kunna masa 'yar fanka mai caji. Kwana biyar ana haka, ko tari bai yi ba.

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Iskar ɗaki mai zafi ce, fanka kuma ita take hurawa, to ina sanyin? Kowace mace a garin nan ta san yadda ake sanyaya ruwa: a naɗe tulu da jiƙaƙƙen buhun algarara, a ajiye inda iska ke kaɗawa. Malaminmu ma ya taɓa gaya mana dalili, wai ruwa in yana bushewa da zafi yake tafiya. Har na rubuta a littafina. Ga gado, ga boko, me ya rage?

Ranar intabiyun, ana saura kaɗan a fara, na yanko buhu na tsoma a randa. Ban matse ba (a lissafina, yawan ruwa yawan sanyi). Na leƙa ta katanga na ƙwala wa Gambo kira ta zo ta ga aikin ilimi.

Zulai na zaune gaban kwamfuta da sabon hijabi. Ta dubi buhun yana ɗiga, ta dubi ƙasa.

"Iya, ko dai a bar shi haka?"

"Ke dai ji da Turancinki, 'yar nan. Wannan fannina ne."

"To Iya... ko dai a ɗan matse shi?"

"Tunda kika zo gidan nan kin taɓa shan ruwan tuluna da zafi?"

Ta koma kan kwamfutarta. Da 'yar cikina ce, da tuni ta fizge buhun ta wurgar waje. Amma suruka ce, mai kunya, ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ni ba.

Na lulluɓe akwatin tsaf, har 'yan ƙofofin nan na samansa (na zaci ado ne), na saita masa fanka. Na taɓa, sanyi ƙalau. Gambo ma ta taɓa, ta ce, "Lallai Farfesa!" Na gyara ɗaurin ɗankwali.

Mutum uku suka bayyana a kwamfuta. Aka gaisa, aka jefo tambaya, Zulai ta amsa tiryan-tiryan. Ina gefe ina gyaɗa kai kamar ina jin abin da ake cewa. Ana cikin tambaya ta biyu sai muka ji "ɗas!" Warin ƙonanniyar roba ya tashi. Matar da ke magana ta sandare da baki buɗe.

Gambo ce ta yaye buhun. Fitilun akwatin duk sun mutu. Ta ɗaga shi ta karkata, ruwa ya tsiyayo kamar daga buta.

"Farfesa," in ji ta, "a nemo likkafani, ko buhun ya wadatar?"

Zulai ta dubi akwatin. Idonta ya cika, can ta ce, "Ba komai Iya, haka Allah ya so." Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Ta fita tsakar gida ta hau turmi ta samu sabis ta kira su. Suka ce in sun gama da na ƙarshe za su sake gwada ta sau ɗaya, in ba ta hau ba shi ke nan. Gida ɗaya ne kusa mai wayifai. Kun riga kun san na wace ce.

"Gambo, ki taimaka."

"Ni ta tara? Me na sani?"

"Gambo, ba lokacin wasa ba ne."

"Faɗi da bakinki abin da kika yi."

"Na yi wa wayifai wanka."

"Da ƙarfi, kunnena ya tsufa."

Na faɗa da ƙarfi, har matan gidan gaba suka leƙo. Ni da kaina na rungumi kwamfutar har ƙofar ɗakin 'yar Gambo. Ga nasu akwatin a kan tebur, 'yar fanka na hura shi, a bushe, yana aikinsa. Zulai ta karɓi kwamfutar ta shiga, Gambo ta tare ƙofa ta ce ni in koma zaure, don akwai randa a ciki. A zauren na zauna, babu addu'ar da na iya da ban karanta ba.

Bayan mako guda suka kira. Zulai ta samu aikin, aka tura ta Kirikasamma. Ba ta taɓa gaya wa mijinta yadda akwatinsa ya rasu ba. Ni na kira shi na faɗa, ya yi ta dariya har yana tambayata ko na sa masa sabulu.

Har gobe ina nan a kan cewa dabarar tulu gaskiya ce, a kan tulu. Abin da na ƙaru da shi kuwa babu shi a littafin makaranta: in surukarki mai kunya ta ce miki "ko dai" har sau biyu, to ihu take yi. Ajiye abin da ke hannunki.