Maganin Kumai Sai Jirgi Ya Yi Kuka

Jama'a, ku yi mini jaje. Yau da safe ni Rufus, dattijon majami'a, mai jikoki, aka same ni tsugune a bayan katangar maƙwabcina ina hura begilar 'yan birged, yaran majami'a masu fareti. Kumatu sun kumbura, idanu sun firfito, kare na haushi, matan da za su famfo sun ajiye bokitai suna kallo. Wata har da cewa, "Ayya, shi ma abin ya kama shi." Ban tanka mata ba, don bakina yana cikin begila. Kukan jirgin ƙasa nake son kwaikwaya. Abin da ya fito kuwa, akuya mai naƙuda ta fi shi daɗin ji.

Sai taga ta buɗe, maƙwabcin nawa Kumai ya leƙo. Ya dube ni a tsanake, ya ce, "Ina kwana, Baba Rufus. Wannan ba jirgi ba ne." Ya mayar da tagarsa ya rufe.

Bari in warware muku zare da abawa, kada ku bi sahun matan famfo. Kumai tsohon ma'aikacin reluwe ne a nan Kafanchan, mai ba jirgi hannu da tuta ja da kore. Shekarun baya ciwon ƙwaƙwalwa ya same shi, irin wanda mutum ke jin muryoyin da babu masu su, aka sallame shi daga aiki. Daga baya hawan jini ya zo taya shi zama. Amma in yana shan magani, Kumai ras yake. Yana noman citta a bayan gida, yana cikin mawaƙan majami'a, kuma a dara ban taɓa cinsa ba. Matarsa Emilia ce ke miƙa masa ƙwayoyi da kofin ruwa kowace safiya. Sista Mildred ta asibiti kuma takan zo a babur lokaci-lokaci, ta auna jini, ta yi masa allura, ta yi masa faɗa kan gishiri. Komai yana tafiya daidai. Kun dai san ƙasar nan, in ka ga abu yana tafiya daidai, to wani babba ne bai samu labari ba tukuna.

Labari kuwa ya kai. Mai Girma Uban Tausayi, Garkuwan Marasa Galihu, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, ya je taro ƙasar waje ya dawo mana da tsaraba. Sunanta Shirin Iya Ruwa Fidda Kai. Wai masu taɓin hankali da ke fama da ciwo mai daɗewa za a koya wa kula da kansu da kansu. Ni fa ban ƙi ba. Wa zai ƙi a koya wa mutum riƙe kansa? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai dai a wurinmu sauke mu raban aka fara yi, don tun kafin a koya wa kowa komai aka karɓe babur ɗin Sista Mildred aka ba Jami'in Shiri, wai zai riƙa zagayen duba ci gaba. Ina ganin ci gaban kullum da yamma, a jingine a ƙofar gidan burkutu.

Ni na raka Kumai da Emilia taron bitar, a zauren wani otal. Marasa lafiya suka zauna tun hantsi ba karin kumallo, Mai Girma bai iso ba sai da rana ta karkata. Aka yi mana lacca mai tsawo kan illar gishiri da sukari. Da aka gama, aka kai wa babban tebur kaji, mu kuma aka raba mana gyaɗa mai gishiri da lemon kwalba. Na ci, don ban iya fushi da abinci ba.

Sannan Jami'in Shiri ya buɗe littafin da aka zo da shi daga waje, ya karanto dokoki. Ta farko, kowane maras lafiya ya ɗaura shan maganinsa da wani abu da ke faruwa kullum ba fashi, don kada ya manta. Misalin da ke cikin littafin shi ne lokacin da ake jefo maka jarida a ƙofar gida. Muka dubi juna. Wata mata ta ce ita za ta riƙa sha in an kawo wuta, zaure ya kwashe da dariya, har da Jami'in. Da aka zo kan Kumai, ya miƙe ya ƙame kamar soja, ya ce, "Kukan jirgin safe, Oga."

Babban tebur ya ɗauki tafi. Mai Girma ya ce ga abin koyi, ya kira shi gaba, ya riƙe hannunsa don mai hoto, ya sa shi ya yi alkawari a gaban jama'a. Ban zarge su ba. Mutumin da ke tafiya da jiniya da jerin motoci, yaushe rabonsa da tashar jirgi? Na ɗaga hannu, aka ce tambaya sai Mai Girma ya tashi. Da ya tashi, kowa ya tashi.

Doka ta biyu ita ce iyali su cire hannu. Jami'in ya nuna Emilia da biro, ya ce, "Madam, daga yau kada ki tuna masa. In kin tuna masa kin kashe shirin." Ta durƙusa ta ce, "To, Oga."

Ku da ba 'yan Kafanchan ba, bari in gaya muku. A da can da kukan jirgin safe muke gyara agogo. Yanzu kuwa jirgi ya koma dangin nesa, sai ya ga dama yake leƙo mu. Da farko yakan zo da tsakar rana, Kumai ya jira, ya sha maganinsa da tsakar rana. Sai ya fara tsallake kwana, Kumai ma ya tsallake. Sai ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Kowace safiya bawan Allah zai zuba ƙwayoyinsa a faranti, ya rufe kofin ruwa, ya zauna yana kasa kunne. Emilia ta gaji ta karya dokar Oga, ta roƙe shi har da hawaye. Ya kira ta da sunan 'yarsu, ya ce, "Maman Edna, ba a wuce jar tuta. Na yi alkawari a gaban mutane."

A kwanakin farko alkawari ne ke magana. Da tafiya ta yi nisa sai ciwon ya karɓi bakin. Muryoyin suka dawo, suka gaya masa maganin da aka sha ba jirgi guba ne. Ciyawa ta cinye cittar. Ya daina zuwa koyon waƙa. Ran nan aka gan shi a tsakiyar layin dogo da jan ɗankwalin matarsa, yana tsayar da jirgin da shi kaɗai ke gani.

A nan ne wansa Luke ya zo daga ƙauyensu, can bayan duwatsun Kagoro. Luke ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi. Ya ce da Emilia in Kumai ya sake hawa layi, zai kai shi wurin tsohon nan na ƙauye mai magani da marin ƙarfe da bulala. Kumai ya taɓa zama a can farkon ciwonsa. Shi ya sa ko ana zafi kamar me ba ya cire safa, don tabon ƙarfe yana nan a idon sawunsa. Emilia ta zo gidana ta ce, "Baba, in ya koma wurin nan ba zai dawo mutum ba." Gaskiya hankalina ya tashi.

Na sa rigata ta Lahadi na tafi ofishin shiri. Jami'in ya saurare ni yana sakace.

Ya ce, "Dattijo, kwanan nan Kumai ya zo asibiti?"

Na ce, "Bai zo ba, ranka ya daɗe."

"Ya nemi taimakon wani?"

"Ko ruwa ba ya karɓa a hannun kowa."

Ya buɗe hannuwa ya ce, "To ka gani. Nasarar ke nan. Ya tsaya da ƙafafunsa."

Na ce, "Yana tsaye kam, a kan layin dogo."

Ya ce sauya abin da maras lafiya ya zaɓa ba hurumina ba ne, sai shi Kumai ya zo da kansa ya nema, a taron bita na gaba, wanda za a yi in Mai Girma ya dawo daga wani taron. Na fito na tarar da Sista Mildred an mayar da ita mai manna hotunan taro a allo. Ta ce, "Baba, ko da ƙafa zan zo in yi masa allura, amma allurar tana cikin kabad, makulli kuma yana aljihun mai sito." Na tambayi ina mai sito. Yana layin shan mai da motar Oga tun farkon mako, kuma in ya fita daga layi ya rasa wurinsa. Kai, Allah ya saka wa shugabanninmu. Ba ƙaramar basira ba ce a kulle allura da layin fetur.

A hanyar dawowa na tsaya shagon Ejike mai kemis ina huci. Ya ji labari, ya girgiza kai, ya ce, "Baba Rufus, wannan ba wahala. In jirgi bai zo, kai ka zama jirgi." Shawarar da ta kai ni bayan katanga da begila ke nan. A duk garin nan, daga Mai Girma har ƙasa, ita ce shawara ɗaya da aka bayar don Kumai ya sha magani, kuma kun ji yadda ta ƙare.

Yau ɗin nan da hantsi ya yi, Kumai ya faki idon matarsa ya koma kan layi. Labari ya kai ƙauye, kafin rana ta take Luke ya iso da ƙaramar bas da ƙarti daga ƙauye. Kumai bai yi kokawa ba. Ya dai ce kada a ɗaure shi da ƙarfi, ba gudu zai yi ba. Suka ɗaure hannuwansa da igiyar awaki, suka sa shi a kujerar baya. Na ce, "Luke, don girman Allah ka ba mu zuwa jibi." Ya ce, "Baba, in jirgi ya bi ta kansa gobe, kai za ka gaya wa tsohuwarmu?" Bas ta tashi, Emilia ta bi ta da gudu ba takalmi, ni kuma na bi Emilia da abin da ya rage mini na gwiwa.

Da muka kai inda titin mota ya ratsa layin dogo, sai muka tarar an sauke shinge, motoci sun tsaya, bas ɗin Luke tana ciki. Daga nesa muka ji shi. Jirgi ne na gaske, yana kuka, yana jan tarago a hankali kamar bai yi wa kowa laifi ba.

Kumai ya ɗago kai. Ya ce, "Maman Edna, ruwa." Ashe ƙwayoyin suna ƙulle a bakin zanenta. Ta kwance, ta sa masa a baki ta taga, wata mai tallan kunu ta miƙo moɗa. Ya haɗiye, ya dube ni ya ce, "Baba Rufus, ka shaida ban karya alkawari ba."

Na ce na shaida. Na juya wurin Luke, ya kawar da kai, idonsa ya yi ja. Ya ce shan yini ɗaya ba ya gyara abin da ya lalace, kuma wa ya san ranar da jirgi zai sake zuwa. Wannan tambaya ko Mai Girma ba zai iya amsa ta ba. Aka ɗaga shinge, bas ta kama hanyar Kagoro, Emilia ta zauna a bakin titi. Ni dattijo ne, amma na yi kuka, kuma ban ji kunya ba.

Da yamma sai ga Jami'in Shiri a kan babur ɗin Sista Mildred, karo na farko da ya taka unguwarmu. Albishir ya kawo. Wai an zaɓi Kumai gwarzon shirin na bana, ranar Litinin Mai Girma zai miƙa masa takardar yabo. Emilia ta ce ko za ta iya zuwa ta karɓar masa. Ya ce a'a, Madam, ai kin san ƙa'ida, dole ya zo da kansa.