Ampilin da Za a Kai Jiratawa

"…da mutanen Tsibiri? Ina gajiyar hanya, Baba?"

"Babu gajiya, ɗana, sai ta wagga da na jawo. Kowa ya yi aure ya huta, ni na yi na ƙaro wahala."

Maman Lawali mai butik, wato shagon kayan kiɗa, ya yi dariya ya jawo wa tsohon benci. Samira ta sauke jakar gitarta daga baya, ta jingina da bango, ta ce kada a kula shi, a hanya ma sai da mai kabu-kabu ya roƙe ta ta riƙe shi da kyau kada iska ta yi gaba da shi.

Wannan tsoho mai kuka da aure kakanta ne, Kabo, makaɗin noma, wanda a zamaninsa babu gonar gayya daga Tsibiri har bakin gulbi da gangarsa ba ta shiga ba. Tun Samira tana rarrafe yake kiranta matarsa, ita kuma tun da bakinta ya buɗe take neman saki. Yau dai ba yawo ya kawo su unguwar Zariya ta Maraɗi ba. Samira tana kaɗa gitar bas a wani orkes, wato rukunin makaɗa, na 'yan biki a Maraɗi, ita kuwa bas bebiya ce in ba a jona ta da ampili ba, wato akwatin da ke fitar da muryarta. Na haya take amfani da shi, wani ƙato da sai maza biyu sun kama. Mazan sun gaji, ko dai sun ce sun gaji. Shef Ilyasu, shugaban orkes ɗin, ya faɗa mata a gaban kowa cewa ranar Asabar akwai biki a Jiratawa, a kan moto, wato babur, za a tafi, kowa da kayansa. In ba ta zo da abin da za ta iya ɗauka da kanta ba, akwai wani Jibo da ya daɗe yana leƙen wurinta.

To ta sayi abinta mana, me ya kawo tsoho? A nan gizo ke saƙar. Gidansu gidan makaɗa ne, kuma tun kaka da kakanni ba a shigar da abin kiɗa ta zauren gidan sai babba ya ji muryarsa ya yarda. Gitar ma ba ta taɓa kwana a Tsibiri ba, a ɗakin ƙawarta Fadila take kwana, don Kabo ya ce shi bai ga abin kiɗa ba, muciya ya gani an ɗaura wa igiyar shanya. Babanta kuwa ya yanke magana: in tsoho ya ƙi akwatin nan, kiɗa ya ƙare, ta zauna ta koyi ɗinki. Samira ta kwana da haushin maganar, gari na wayewa ta tasa tsohon a gaba.

Kabo bai ko kalli bencin ba. Ya dogara sandarsa ya nufi ampilin da ya fi kowanne girma a butik ɗin, ya ƙwanƙwasa gefensa da yatsa, ya kara kunne, ya sunsuna, sannan ya tambaya ko fatar wace dabba aka ja a bakinsa. Da Maman Lawali ya ce babu fata, takarda ce mai kauri da maganaɗisu a ciki, tsohon ya dube shi kamar ya zagi iyayensa. Amma girman abin ya riga ya shiga ransa.

"Wanga za mu ɗauka. Shi ya yi kama da namiji."

"Shi ya sa na ƙi shi," in ji Samira. "Ƙato, ga nauyi, ga cin wuri, sai an ɗauka an aje. Ina da irinshi guda gida, shina cin tuwona."

"Ni? Ni da nike rataya ganga tun hantsi har la'asar ban canza kahwaɗa ba?"

"To ɗauki wanga ka kai bakin ƙohwa. In ka kai, na bar kiɗa yau, in koma yi maka ɗinkin wando."

Kabo ya dubi akwatin, ya dubi ƙofar, ya gyara wuyan rigarsa. "Ba a sa Bagobiri dako."

"Ita ma Bagobira ba a sa ta. Shi ya sa nike son wanda zan riƙa awa jaka, ba wanda zan roƙi ƙattai su kama min ba."

Ta bar shi da ƙatonsa ta shiga duba ƙananan. Maman Lawali ya fara nuna mata wani mai kyan fenti, ta ce na ƙaramar gita ne, bas za ta yaga masa maƙogwaro kafin amarya ta fito. Ya kawo wani, ta jona, ta bugi babbar waya, akwatin ya yi kakari yana rawa a kan siminti, ta ce a mayar, wannan mura yake yi. Na ukun baƙi ne, bai fi tukunyar miya ba, da hannun ɗauka a samansa. Yana da batiri a ciki, ko an ɗauke wuta ba ruwansa, kuma a bayansa akwai inda ake jan waya zuwa manyan lasifikokin orkes in fili ya yi faɗi. Ta ɗaga shi da hannu ɗaya, ta zaga butik da shi, ta zauna a bakin benci ta ɗora a cinya yadda za ta riƙe shi a bayan moto. Tun kafin ta ji muryarsa zuciyarta ta kwanta da shi.

Kabo ya leƙo ta kafaɗarta. "Ɗana, wanga ai bakwaini ne. Ku mai da shi cikin uwarshi ya ƙarasa." Ya nuna ƙaton da sanda.

"Komi ƙanƙantar allura ƙarhe ce, tsoho."

"Ƙarhe ce, amma ban taɓa ganin an yi huɗa da ita ba."

"Ƙaramin goro ya hi babban dutse."

"Ga mai haƙora. Ke da ko kunu sai an hice miki?"

"Dubi mai maganar haƙora. Guda nawa suka rage, ko duk sun bi ganga ritaya?"

Ya ce zai sake ta a nan take ya auri mai sayar da ƙosai ta bakin titi, wadda aƙalla in ta buga cokali a kasko ana ji har Jiratawa. Ta ce ta yafe masa kayan ɗaki, har shi kansa ta ba mai ƙosai kyauta, a haɗa da sandar. Maman Lawali yana ta dariya, amma Samira ta lura tsohon ya daina murmushi. Ya zo ya zauna a bencin, ya miƙe ƙafa, ya gicciya sandar a cinyarsa.

"Saurara, yarinya. Kiɗa ba ƙara ba ne, in don ƙara injin niƙa ya hi mu. Kiɗa shi ne ya tashi mutumin da bayanshi ya ƙage, ya rantse ba ya barin inuwa. Ga ni na zamna, kuma na rantse. In bakwainin ga ya tashe ni, ya shiga gidana. In bai tashe ni ba, ki bar wa mai shi abinshi."

Ta rataya gitar ta jona. Ta fara da kiɗan da ke tashin 'yan mata a wurin biki, kuma abin mamaki, ɗan akwatin ya cika butik ɗin da murya mai kauri, mai tsabta, har ana jin ta a tafin ƙafa. Masu kabu-kabu da ke fakewa a inuwar bango suka matso bakin ƙofa suna kaɗa kai. Kabo ya laluba aljihu ya fito da goro, ya ɓantara, ya shiga tauna yana kallon silin. Ta canza wani mai zafi, ya yi hamma. Ta kawo wanda shef Ilyasu kansa ke yaba mata a kai, tsohon ya lumshe ido har da ɗan munshari na ƙarya.

A nan tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Ta san kakanta: wasa wasa ne, amma in ya rantse ko gobara ba ta ɗaga shi. Ta hango Jibo tsaye a wurinta ranar Asabar, ta hango kanta a kan keken ɗinki tana jin bikin mutane daga nesa. Sai tsoron ya juye ya zama fushi, fushin kuwa ya tuna mata da abin da bai kamata a ce ta sani ba.

Gidansu yana da take, ɗan kiɗan da ganga ke faɗin kirarin gidan da shi, wanda duk ɗan gidan da ya ji sai ya miƙe ya yi jinjina. Maza kaɗai ake koya wa, a zaure. Babanta ya ƙi koyo ya kama kasuwa, yayyenta suka yi ta zillewa har suka kama sana'ar kabu-kabu. Lokacin da Kabo ke fama da su yana bugawa yana maimaitawa, ita tana bayan zana da tsintsiya a hannu, tana haɗiye shi bugu bayan bugu. Tun da tsohon ya rataye ganga ba a ƙara jin taken a Tsibiri ba, ya ma sha faɗa cewa tare za a binne su.

Ta murɗa maɓallin kauri ta ƙure shi, ta rage na kaifi. Ta doki babbar waya da babban yatsa, ta danne da tafin hannu yadda ake danne fatar ganga, ta sake doka. Ɗan baƙin akwatin ya buɗe baki ya faɗa tiryan-tiryan: Kabo na Baraka, rana ta gaji ba ka gaji ba.

Muƙamuƙin tsohon ya tsaya da tauna. Babban yatsan ƙafarsa ya fara motsi a cikin takalmi, ya take shi da ɗaya ƙafar. Ta maimaita, ta ƙara nauyin hannu, idonta a kansa, ba ta ko ƙiftawa. Kafin ta kai ƙarshen zagaye na gaba sanda ta faɗi ƙasa. Kabo yana tsaye cak, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama yana girgizawa, bakinsa yana jero sunayen ubansa da kakansa da muryar da Samira ba ta ji ba tun tana ƙarama. Hawaye ya gangaro masa ya shige gemu, ita ma nata idon ya cika, amma ta ƙi tsayawa sai da ta kai taken gida.

Da ta ɗauke hannu, tsohon ya dubi ƙafafunsa ya ga inda suke. Ya share fuska da hannun riga ya juya ga mai butik.

"Ɗana, bencin ga naka akwai kuɗin cizo."

Maman Lawali ya rantse ko makon nan an wanke shi da ruwan zafi.

"Kuɗin cizon ne suka sa ka kirari?" in ji Samira.

"Ɓarauniya. Wa ya ba ki?"

"Wanda ya shanya shi tsakar gida ba mai tsaro."

"Ba a ba mata taken ga."

"Ba a ba ni ba, ɗauka na yi. In kana son abinka, shiga kunnena ka hiddo." Ta miƙa masa tafin hannu. "Kuma ka san doka, kai ka hi kowa cin ta. Wanda aka kaɗa wa takenshi ba ya barin makaɗi hannu wohi."

Nan fa ido ya raina fata. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa ana cika masa hannu, yau shi ake miƙa wa. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, bai samu komai ba sai guntun goron da ya gatsa. Ya miƙa mata, ta ce ya kai wa mai ƙosai. Ya tsaya yana kallonta, ita ma tana kallonsa, hannunta bai sauka ba. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa daga ciki har da tari.

Ya kai hannu ya warware rawaninsa, ya bar sanƙonsa a fili a gaban samarin unguwa. Ya durƙusa da ƙyar, ya zura ƙyallen ta hannun ampilin, ya zagaya ta ƙarƙashi, ya ƙulla irin ƙullin da ake yi wa maratayin ganga. Ya ja ya ji ya kama, sannan ya ɗaga ya rataya mata a kafaɗar hagu da hannunsa.

"Muciyar hwa?" Ta nuna gitar da haɓa.

"Ta taho ita ma, mu ga ko tana tuƙa tuwo." Ya karɓi sandarsa daga hannun Maman Lawali, ya nufi ƙofa, sannan ya waiwayo. "Kin cinye bugu guda a wutsiyar taken. Gobe in an sha hura ki same ni zaure da bakwaininki. Ba ki kai min gurgun take Jiratawa ana cewa daga gidan Kabo ya hito."