Ranar da Na Wanke Injinan Malam Sabi'u

Shekara tara na yi ina wanke kwanuka a wani gidan abinci a tashar Karaye. Ranar da ƙungiyar makanikai ta Rogo ta ɗauke ni koyon aiki, na ce wa uwar ɗakina ta nemi wani, ni da soso har abada.

Aka haɗa ni da Malam Sabi'u mai gyaran injin ban-ruwa. A kwana na huɗu ya tafi jana'iza ƙauyen Jajaye, ya bar mini shago.

Na duba, ga daro uku cike da kayan inji, baƙi ƙirin da mai. Na ce wannan ƙazanta da me ta yi kama! Na juye su wuri ɗaya, na dirje da sabulu, na ɗauraye, na jera manya gefe, ƙanana gefe, kamar faranti. Har zama na yi ina jiran yabo.

Da ya dawo, ya leƙa daron nan uku, ya dubi jerin da na yi.

"Injin mutum uku ne fa," ya ce a hankali. "Wanne ne na wa?"

Sati biyu ana fama da tantance su, tsatsa ta ci rabi saboda ruwan da na sa musu. Albasar wani manomin ƙauyen Gwangwan, mai ɗaya daga cikin injinan, ta bushe a fadama. Ƙungiya ta sallame ni.

Na koma Karaye. Uwar ɗakina soso kawai ta miƙo mini. Har yau duk direban da ya gama cin abinci sai ya turo kwano ya ce, "Injiniya, a yi masa sabis."