Ina Surukata Za Ta Riƙe?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Babura Masu Tambarin Jimina,
Sarkin maƙeran ƙafa biyu, uban masu gudu, wanda hayaƙinsa ya zagaye duniya,
a duk ƙasar da wannan takarda ta same shi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta ma'aikata, da ta surukanka idan kana da su, abin da nake ɗan shakka a kai, ina neman izini in gabatar da kaina. Sunana Mukhtari, dillalin dabbobi a Kasuwar Shanu ta Maiduguri, gidana yana Bolori. Kakannina makiyaya ne. Idan aka kawo mini sa na shafa bayansa, zan faɗa maka ko zai ɗauki kaya ko zai watsar da su a hanya. Na ɗauka wannan ilimin zai taimake ni wajen zaɓen babur, sai ga shi bai tsinana mini komai ba.

Ga abin da ya haɗa ni da kai. Ina da suruka, mahaifiyar matata Zaratu. Hajiya muke ce mata, kuma sunanta ba zai fito daga alƙalamina ba ko da za a ɗaure ni. Tana da yaya guda ɗaya da ta rage mata a duniya, Ya Kellu, a wani ƙauye can kudu da mu. Rabonsu da juna an daɗe. A farkon daminar nan Ya Kellu ta aiko cewa idanunta suna rufewa, tana so ta ga fuskar ƙanwarta tun tana iya ganinta. Mota takan kai mutum har inda kwalta ta ƙare, daga nan kuwa a damina sai ƙafa biyu. Hajiya ta ce ba za ta hau bayan ɗan acaɓar da ba ta san uwarsa ba ta san ubansa ba. Ana cikin wannan jimami, dangi cike da tsakar gida, sai na ji wata murya ta ce, “Ni zan kai ta.” Na waiga in ga ko wane ne mai wannan ƙarfin hali, ashe bakina ne.

Wataƙila labari bai kai ofishinka ba cewa shekara sama da goma ke nan ba a hawa babur a cikin garinmu. Keke ne abin hawanmu, mun kuma gode. Ni dai na yi zamani da babur ina saurayi, hannuna bai manta ba. Amma babu inda zan je in ga naka a tsaye in zagaya shi. Sai na tafi Moduganari wurin abokina Onyema, wanda a da yake sayar da kayan babur, yanzu ya koma kayan keke. A wayarsa muka yi zaɓen, hoto bayan hoto. Wanda na zaɓa a cikin akwatin katako ya iso gidana, a bayan a-kori-kura, kuma haka zai bar garin tare da raguna, sai mun kai inda doka ta yarda a sauke shi.

Kafin in jero kukana, bari in sanar da kai wani abu da na lura injiniyoyinka ba su karanta a makaranta ba. Tun da na auri Zaratu, ga shi har babbar 'yarmu ta shiga jami'a, ban taɓa cin abinci a gaban Hajiya ba. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta, idona a kan tabarma. Ko muna ɗaki ɗaya, idan tana da magana da ni sai ta ce, “Zaratu, gaya wa maigidanki,” ni ma in ce, “Zaratu, gaya wa Hajiya.” Haka muke zaune lafiya lau, babu wanda ya taɓa jin kanmu.

Kuka na ɗaya. Ka ƙera babura iri uku na doguwar tafiya, kowanne ka rubuta masa cewa fasinja zai ji daɗi. Na ce wa Onyema ya nuna mini wanda ya fi tazara tsakanin direba da fasinja. Ya ɗaga kai ya dube ni. Ya ce, “Alhaji, tun ina yaro a Mafoni nake wannan sana'a. An tambaye ni gudu, an tambaye ni shan mai, amma tazara, yau na fara ji. Wa za ka ɗauka, kura?” Da na faɗa masa, sai ya ajiye wayar ya riƙe baki, domin shi ma yana da suruka. Muka duba hotunan nan kaf. A kowanne ga wani ƙato, ga wata baiwar Allah ta ƙanƙame shi ta baya, ta ɗora haɓa a kafaɗarsa, suna washe haƙora. Ranka ya daɗe, a ƙasarku masoya ne kawai suke tafiya? Ba a zuwa gaisuwar mutuwa? Ba a kai tsofaffi asibiti? Na zaɓi mafi tsawon ukun, na ce ko banza dai ya fi fili. Da ya iso na auna mazaunin da hannuna, sai na tarar duk tsawon nan tankin mai ka ba wa. Sannan ɗan littafin da ka haɗo da shi ya ce, cikin ladabi, fasinja ya zagaye ƙugun direba da hannu biyu. Da aka fassara mini wannan layin sai da na tashi na sha ruwa.

Na biyu, gangaren mazauni. Ina jinjina wa hikimar da ta sa ka ɗaga baya ka sauke gaba. Tunda ba dama in tayar da inji a unguwa, sai muka yi gwaji a tsakar gida. Na ɗora buhun dusa a mazaunin baya a madadin Hajiya, Allah ya yafe mini, na hau gaba, maƙwabta suka turo ni daga bakin rijiya zuwa gindin darbejiya. Ina taka birki, buhun nan ya sulalo ya manne a bayana tun daga wuya har ƙugu. Muka sake gwadawa. Ya sake mannewa. Zaratu tana bakin madafa tana dariya har da riƙe ciki, wai ita tun amarcinta ban taɓa samun irin wannan tarba ba. To idan buhun da ba ya jin tsoro ya yi haka a tafiyar tura, me zai faru a hanyar da rami yake bin rami? Da gangan ka yi, ko kuwa ƙasarku babu birki?

Na uku, kuma a nan kam na cire maka hula. Akwai maɓallin da idan an danna, mazaunin fasinja yana ɗaukar zafi. Zafi, ranka ya daɗe. A Maiduguri. Ka taɓa zama a kan kujerar keken da ya wuni a rana a watan azumin bazara? Mun gode da kyautar, amma muna da irinta a gida. Na sa an naɗe maɓallin da salatif, kada gwiwar wani ta taɓa shi a hanya a ce na dafa surukata.

Na huɗu, hulunan kwano masu magana. Onyema ya kawo mini su yana murna, wai direba da fasinja za su riƙa hira ba sai sun ɗaga murya ba. Hirar me? Kuma ina za mu zaunar da Zaratu da za ta riƙa kai saƙo? Wannan ma da sauƙi. Ni mutum ne da idan taya ta faɗa rami nakan ambaci iyayen ramin da na wanda ya haƙa shi, da harshen kasuwar shanu. Ka ƙera na'urar da za ta ɗauki wannan karatun ta zuba shi kai tsaye a kunnen matar da ta ba ni 'yarta bisa zaton ni mutumin kirki ne. Me na yi maka?

Na biyar, hawa da sauka. Matanmu laffaya suke naɗawa, yadi ne mai yawa, iska kuma ba ta da kunya. Ka bar tayar baya da sarƙarta a buɗe suna jira. Ka kafa akwati a baya mai majingina, abin sha'awa, sai dai ya tare hanyar da mutum zai ja da baya ya tsira da mutuncinsa. Ka ɗaga mazaunin har sai an dafa kafaɗar direba kafin a hau. Akwatunan gefe kuwa, ban san tsarabar da ake kaiwa a ƙasarku ba. Mu a nan akwai turaren wuta, da busasshen kifi, da buhun sukari, da atamfofi, da tunkiyar da Hajiya ta ce ba za ta shiga gidan yayarta ba sai da ita. Na buɗe akwatinka na saka kwalbar humra biyu da sallaya, ya ce ya ƙoshi.

Da na ga ba ka yi mini tanadi ba, sai na yi wa kaina. Na kira Yoila kafinta, ya sassaƙa mini allon katako, ya lulluɓe shi da soso da yadi, ya kafa shi tsakanin mazauni biyu, ya yi masa mariƙi ta baya. Mai walda ya rufe tayar. Aka ɗaure turmi a gefe don a riƙa saukewa ana takawa. Duk wanda ya leƙo sai ya ce babur ya koma rumfar mai shayi, amma ni hankalina ya kwanta. Na aika Zaratu ta gaya wa Hajiya abin hawa ya kammala.

Ranar Juma'a da la'asar ta zo gani da idonta. Kada ka ɗauka tsohuwa ce da za a ruɗa da ƙyalli. Tana yarinya a kan takarkari ta yi ƙaura, wato san da ake ɗora wa kaya, ita da tukwane da 'yan maruƙa. Ta zagaya babur ɗinka a hankali, ta danna mazaunin da tafin hannu, ta leƙa ƙarƙashinsa. Ta ce, “Zaratu, gaya wa maigidanki bayan wannan dabba ya cika santsi.” Na ce, “Zaratu, gaya wa Hajiya haka aka haife shi.” Ta ce a gwada. Na hau gaba, na kifa hular kwano don in ɓoye fuskata. Ta taka turmi, ta tattare laffaya ta zauna. Na ji babur ya ɗan nutse. Maƙwabta suka gyara tsayuwa za su tura.

Sai na ji ta ƙwanƙwasa allon nan da yatsa. Ta ce, “Wannan kuma na mene ne?” Zaratu ta fara bayani, ta katse ta. Sannan, ranka ya daɗe, abin da bai taɓa faruwa ba ya faru. Ba ta ce Zaratu ta gaya mini ba. Ta ce, “Mukhtari.” Ban ma san ta san sunan ba. Ta ce, “Habib ne yake kai ni wurin Ya Kellu a da. Rigarsa nake riƙewa. Cire katakon nan, ni ba kaya ba ce.”

Habib shi ne ɗanta namiji tilo. Ya fita wata safiya a shekarun nan da ba ma son tunawa, bai dawo ba. Ba ta ambaton sunansa, mu ma ba ma ambata a gabanta.

Yoila ya zo da guduma ya cire aikinsa, Zaratu ta kifa wa Hajiya ɗaya hular kwanon. Hajiya ta kama gefen rigata da hannu biyu, dama da hagu, ta ce, “Bismillah, ɗana. Kuma kada ka yi mini gudu.” Aka tura mu daga rijiya zuwa darbejiya. Na taka birki. Ban san ko ta sulalo ko ba ta sulalo ba, domin ba na ganin gabana.

Wannan ya kawo ni kuka na shida. Gilashin hular kwanonka yana yin hazo ta ciki ko da babur bai tashi ba, ko da babu ruwan sama. Na so in tsaya a kan wannan magana, amma Zaratu tana tsaye a kaina ina rubutu, ta ce in ji tsoron Allah. To, na ji. Kuka na yi, da gemuna da komai, kuma na'urarka mai albarka ta kai shesshekar kunnen Hajiya ba tare da ta rage ko kaɗan ba. Ita kuwa sai ta ƙara damƙe rigar.

Saboda haka, ya mai girma, na janye ƙarata a kan mazauni. Bar shi yadda yake, ba don ka yi daidai ba, kada ka yi saurin murna. Roƙo ɗaya ya rage mini, kuma a kansa babu wasa. Ranar Asabar za mu tashi. Wanda ya zo daga ƙauyen jiya ya ce Ya Kellu har yanzu tana gane fuska idan an matso kusa da ita sosai, amma kowane mako sai an ƙara matsowa. Ban san cikin injinka ba, ba shi da haƙoran da zan buɗe in duba. Idan ka san akwai wata ƙusa da yaranka suka ɗaura da ganganci, ko wata waya da takan tsinke a cikin laka, don girman Allah ka aiko mini kafin ranar. Zan iya jure zafin mazauni da dariyar unguwa. Abin da ba zan iya ba shi ne in tsaya a tsakiyar daji in waiga in ce wa matar nan ba za mu kai ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa kamfaninka kasuwa, ya ba ka suruka mai tsawon rai da ƙauye mai nisa.

Naka mai biyayya, wanda aka riƙe wa riga,

Mukhtari Dillali,
Bolori, Maiduguri.