Ramin da Muka Cike Saboda Baƙi

Yau da safe na sake zamewa cikin ramin layinmu, kuma ba ni kaɗai ba, har da Inna a bayana. Mahaifiyata ce, gwiwoyinta sun daina ɗaukarta, yau kuma ranar ganin likitanta ce. Mota ba ta iya shigowa layinmu saboda wannan rami, don haka goya ta nake yi har bakin titi. Da na miƙe ina kakkaɓe taɓo, sai ta tuna mini cewa duk goyon da ta yi mini ina jariri ba ta taɓa kayar da ni ba.

Na san za ku ce ina hukuma take. Kada ku ɗauki alhakin manya, jama'a. Hukuma ta zo har ƙofar gida.

An daɗe da ba da kwangilar gyaran hanyar nan, a bakin masu ofis ma an gama ta tuni. Muka yi ta kuka har majalisa ta ji, ta ce kwamitinta mai bin diddigin ayyukan gwamnati zai zo ya gani da idonsa. Na yi murna sosai. Na ce wa Inna ta kusa hutawa da ƙashin bayana.

Ana gobe za su zo, maƙwabcina tela ya tara mazan layi. Ya ce manyan baƙi ne, motocinsu kuma masu tsada, idan ɗaya ta maƙale a ƙofar gidajenmu da wane ido za mu dubi mutane? Wani mai shago ya ce wallahi abin kunya ne. Na ce to ai ramin suka zo gani. Tela ya ce in daina magana kamar wanda bai taɓa yin baƙo ba. Kafin la'asar an kwaso ɓaraguzan bulo da yashi an cike shi, an daddaɓe, mata sun share sun yayyafa ruwa.

Washegari sai ga jerin motoci, suka shigo sumul. Mai girma shugaban kwamiti, gwanin bincike, dodon 'yan kwangila, ya sauko. A bayansa ga ɗan kwangilar, gumi ya jiƙa masa riga. Ya waiga dama, ya waiga hagu, bai ga ramin da ya bari ba. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta warke nan take haka ba.

Shugaba ya tambaya ina ramin da ake ta magana a kai.

Tela ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ai a kansa kake tsaye."

Mai girma ya dubi ƙasa, ya ɗan bubbuga da takalmi, ya ce kwamitinsu ba ya aiki da jita-jita, sai abin da ido ya gani. Dole in yaba musu, sun tsaya a rana har sai da aka gama ɗaukar hoto. Suka jinjina wa ɗan kwangila, suka ja mana kunne kan ɓata sunan bayin Allah. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa sabuwar kwalta ba ta da kwalta.

Ruwan farko da ya sauka ya kwashe aikinmu kaf, har ya ƙara wa ramin faɗi. Muka koma da kuka, aka ce kwamiti ya rufe magana, amma ana duba yiwuwar kafa ƙaramin kwamiti da zai duba ko a sake dubawa. Abin ya ƙona mini rai, don Inna na ƙara nauyi, ni kuma ƙarfina na raguwa.

Da muka dawo daga asibiti ɗazu, muna dab da ramin, ta taɓa kafaɗata.

"Idan sun sake zuwa, kada ka goya ni ko'ina. Ka zaunar da ni a ciki, ka ba ni lema."

Tela yana bakin shagonsa, ya ji. Ya ce shawarar Inna ta yi, amma dai a ɗan share wurin tukuna.