Wata a Bayan Alhaji

"Lafiya lau, amaryata. Ya ƙafa? Har yanzu tana yajin aiki?"

"Ƙafata ta fi kanka lafiya, miji marar cefane. Ina aikina?"

Hajiya Mairama ke nan, kakar Kamaluddeen, ta baje a kujerar shagonsa na aikin kwamfuta da ke Kurmin Sarki kamar ita ke biyan haya. Sanarwar addu'ar cikar shekara da rasuwar mijinta, Alhaji Ɗanladi, take so ta fito a jarida gobe, kuma 'yan jaridar sun ce in la'asar ta yi fayil bai iso ba, za su rufe shafi. Hoto ɗaya tak Alhaji ya bari a duniya, yana rataye cikin gilashi a falonta can Diko. Maimakon ta ciro shi ta kawo, baiwar Allah sai ta ɗauke shi da waya ta turo.

Kamal ya ƙara girman hoton a kwamfuta, ya ƙura ido, sai ya tuntsire da dariya.

"Hajiya, akwai matsala. Wata mata ce a bayan Alhaji."

"Wace 'yar banza ce?"

"Ga ta nan, ɗankwali a karkace, baki buɗe, ta cafke waya da hannu biyu. Abeg, Nijeriya ba ta shirya ganin wannan ba."

Ta matso ta saka tabarau. Ita ce dai, gilashin ya kwaso ta, ta fito dishi-dishi daidai kafaɗar marigayi.

"Kwamfutarka ce mai sharri, irin mai ita."

"Kwamfuta ba ta ƙarya. Ko mu koma Diko mu ɗauko na bango?"

"A wannan cunkoson? Kafin mu wuce Gauraka an gama buga jarida an naɗe ƙosai da ita."

"To bari in goge ki. Yanzun nan za ki ɓace, har shi ma tsohon in rage masa kunne."

"Taɓa kunnensa ka gani! Ya fi ka kyau yana kabari."

Ya kai hannu zai fara gogewa, sai ta riƙe masa wuyan hannu. Ta daɗe tana kallon hoton, har dariyar Kamal ta maƙale, tausayi ya kama shi.

"Duk zamanmu bai taɓa yarda mun tsaya gaban mai hoto tare ba," in ji ta. "Wai kunya. To yau na kama shi, ba inda za shi. Bar ni a nan."

"Da bakin a buɗe?"

"Haka ya san ni."

"Ni kuma mijinki na yanzu fa, a gaban idona?"

Ta zaro ƙullin dakuwa daga jaka ta dangwara masa a tebur. "Ungo, ka rage kishi."

Ya yi dariya yana goge ido da hannun riga. "Na sallama. Tsoho ya ci ni."

Ya daidaita launi, ya gyara wa amarya ɗankwali kaɗan, ya tura fayil ana kiran la'asar.