Ranar da Inna ta gyara mini tarihina

Ba zan taɓa mantawa ba (ko na so in manta, ɗalibaina ba za su bar ni ba) da ranar da na tsaya gaban jama'a na karanta tarihin rayuwata, mahaifiyata ta miƙe ta ƙaryata ni.

Lokacin ina koyar da Ingilishi a wata lise, wato makarantar sakandare, a Konni, kaina cike da littattafan da na taho da su daga jami'a a Yamai: waɗanda baƙaƙen fata maza na Amurka suka rubuta game da rayuwarsu. Har gobe ina jinjina wa mutanen nan. Wani an haife shi cikin bauta, ya koyi baƙi a ɓoye alhali in an kama shi bulala ce. Wani ya tashi a gonar auduga da yunwa, ya zama marubuci. Wani kuma gidansu akwai rufin asiri, ga ilimi ga sutura, amma launin fatarsa ya sa dole ya shiga ta ƙofar baya. Kowannensu ya ɗauki alƙalami ya ce wa duniya: ni ma mutum ne, ga labarina daga bakina. Ina karantawa tsikar jikina na tashi.

Matsalar ita ce ban tsaya a sha'awa ba. Na fara jin ni ma ɗaya ne daga cikinsu.

Da makon al'adu na makaranta ya matso, sai na ce wa darakta zan yi jawabi kan waɗannan littattafai, in rufe da ɗan guntun tarihin kaina don yara su ga misali na kusa. Ya ji daɗi. Na zauna rubutu, sai na tarar rayuwata ba ta da abin da zai sa kowa hawaye. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin kamfanin siminti ne a Malbaza, mai albashi, mai babur. Tuwo bai taɓa yankewa a gidanmu ba. Wa zai tafa wa irin wannan?

Sai na ƙara wa labarin gishiri. Na rubuta cewa ina zuwa lakwal, wato makarantar boko, ba takalmi, ƙaya na sukata. Na rubuta cewa sau da yawa nakan kwana da yunwa. Na rubuta cewa ni kaɗai na yi faɗi-tashina, ba mai riƙe hannuna. Har na saka wata jimla da na yi ta maimaitawa gaban madubi, wai a matsayina na baƙar fata na ɗanɗani wulaƙancin duniya (ni da iyakar tafiyata Yamai, sai Sakkwato da na je biki sau ɗaya).

A makon ne kuma Inna ta zo daga Malbaza ganin jaririn da matata ta haifa. Matata, cikin alfahari da mijinta, ta gaya mata zan yi magana a taro. Ina hawa dandamali na hango ta cikin iyaye mata, ta sha sabon mayafi, tana murmushi. Na tuna abin da na rubuta, amma na kwantar da hankalina: da Faransanci zan yi, Inna kuwa Faransancinta bai wuce gaisuwa ba.

Jawabin ya yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba. Da na zo kan tarihina na sassauta murya, na dafa ƙirji. Wata ɗaliba har share ido take. Aka yi tafi, Inna ta fi kowa.

Sai darakta ya karɓi makirufo ya ce, “Wannan magana ta fi ƙarfin a bar iyayenmu a baya. Madam Ramatu, don Allah ki mayar musu da Hausa.”

Madam Ramatu malamar Faransanci ce, mace mai tsare gaskiya, irin wadda ba ta tsallake ko waƙafi. Ta miƙo hannu, na ba ta takardun kamar mai miƙa wuyansa. Na raɗa mata, “A taƙaice kawai, Madam.” Ta ce, “Haba Mushe, abu mai daɗi haka?” (Mushe shi ne “malam” a Faransancinmu.)

Ta fara da mutanen Amurka, kowa ya kasa kunne. Dattawa suna girgiza kai, ana ta salati. Wani tsoho ya ce, “Allah shi jiƙan mazan jiya.” Na ji daɗi har na manta abin da ke tafe. Sai ta iso kaina.

“Ya ce yana tafiya lakwal ba takalmi.”

Na ga murmushin Inna ya tsaya.

“Ya ce yakan kwana da yunwa.”

Inna ta gyara mayafi.

“Ya ce shi kaɗai ya yi faɗi-tashinsa, ba mai...”

“Dakata, ɗiyata.” Inna ce, a tsaye. Ba ta buƙatar makirufo, macen da ta yi shekaru tana kiran masu sayen ƙosai a ƙofar kamfani. “Wanga yaro da kike faɗi, ɗan wace ne?”

Madam ta dube ni. Jama'a suka dube ni. Ni na dubi silin.

“In dai wanga ne da ke tsaye, ni na haihe shi, kuma ban san wagga magana ba. Ba takalmi? Ubanshi bisa moto yake kai shi har bakin lakwal. Takalmin da munka sai mishi na salla, cikin tabki ya yar da su garin kamun kwaɗi. Yunwa kuwa, ku dube shi! Wanga ya yi kama da wanda ya taɓa kwana bai ci ba?”

Yara suka fashe. Na ji ana buga benci. Darakta ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Madam, maimakon ta cece ni, sai ta ce cikin ladabi, “Inna, akwai saura. Ya ce a matsayinsa na baƙar fata an wulaƙanta shi.”

“Wa ya wulaƙanta shi? Mu duka nan wane launi gare mu? Bature guda ya taɓa gani yana yaro, wanda ya zo yi musu allura, shi kuwa ya yi mishi fitsari bisa wando!”

A nan ne na roƙi ƙasa ta buɗe. Ba ta buɗe ba.

Sai muryar Inna ta sauya, dariyar ta lafa. Ta ce, “Da ubanshi ya rasu, ni da yayatai Hadiza munka riƙe shi. Ita ta bar lakwal ta kama mini tuya don shi ya ci gaba. Yanzu a gaban mutane a ce na bar ɗana da yunwa? Gobe a ji Malbaza, in sa idona ina?” Ta zauna.

Na karɓi makirufo na ce da Hausa, “Abin da Inna ta faɗa shi ne daidai. Ku yafe ni.” Iyakar jawabin gaskiya da na yi game da kaina a ranar ke nan.

Da muka koma gida Inna ta ƙi kula ni har bayan la'asar. Na durƙusa na ba ta haƙuri, tana jijjiga jikanta kamar ba ta ji ba. Can sai ta ce, “Mutanen can da anka bautar, su ina uwayensu suke?”

Na gaya mata da yawansu an raba su tun suna ƙanana, an sayar da uwa wani gari, ɗa wani gari. Wani ko fuskarta bai riƙe ba. Wasu kuma, na ƙara da ƙaramar murya, sun samu mata da ƴan'uwa da suka tsaya musu, amma a littafin sai ka ga layi biyu kawai aka ba su.

Ta share ido da bakin mayafi. Ta ce, “Allah sarki. Su an ƙwace musu tasu, suna nema. Kai taka tana zaune, ka share ta da hannunka.”

Har yau ina koyar da littattafan nan, kuma na fi girmama marubutansu fiye da da, don na gwada aron wahalarsu na ga ba rigar da ake ara ba ce. Yanzu nakan sa yara su nemo mini matan da ke ɓoye a bayan kowane shafi. Yaran kuwa sun raɗa mini suna, Mushe Ba-Takalmi, har waɗanda ba su shigo makarantar ba a lokacin sun gada.

Shawarata ga duk namijin da zai rubuta tarihinsa: ka fara karanta wa mahaifiyarka a cikin ɗaki, da harshen da take ji. Ko ba ka yi don Allah ba, ka yi don akwai irin su Madam Ramatu a duniya.